Gunvor da Muƙamuƙinta

Gunvor Myklebust ta yi rayuwarta kaf tana shanya kifi a wani tsibiri da ke arewacin Norway. Hannuwanta sun yi kanta, bakinta kuma bai saba da cewa wayyo ba. Mutanen tsibirin nan haka muke, kowace cuta maganinta biyu: cokalin man hantar kifi, da fita a sha iska. In ka ce kanka na ciwo, sai a miƙo maka takalmin hawa dutse.

Bayan rasuwar mijinta ta zauna ita kaɗai a gidansu na bakin teku, nesa da kanti, tana tuƙa tsohuwar motarta. Ɗanta Torleif, da ke aiki a birni, kullum maganarsa ɗaya: akwai ɗaki a gidan tsofaffi. Ba abin da take tsoro a duniya kamar wannan ɗakin.

Ta haura saba'in sa'ad da ciwon ya same ta. Ya fara daga gefen goshi na dama, ya sauko wuya. Ta ce iskar taga ce. Mataji ya koma mata kamar ƙusa, hular ulu ma ba ta sawuwa. Sai muƙamuƙi: in ta fara taunar busasshen kifi, abin da ta tashi a kansa, kafin ta haɗiye ya gaji. Ta san in likita ya ji, Torleif zai ji. Sai ta ja bakinta.

Oddny, ƙanwar mijinta, ita ta gano. Ta zo shan kofi, ta ga Gunvor na zura wa kare rabonta ta ƙarƙashin tebur.

"Ikon Allah! Yau ke ce da kyauta? Ke da ko ƙayar kifi ba kya bar wa kare?"

"Ya rame ne."

"Wannan tulun? Ke, dube ni nan. Me ya sa kike kanne ido?"

"Ɗan duhu ne yake saukowa kamar labule, ya tashi. Kada ki gaya wa yaron nan, Oddny."

"Taurin kanki zan gaya wa. Ɗauko rigarki."

Kafin jirgin fito ya kai su asibiti, labulen ya sauka a idon dama, bai sake tashi ba. Likita ta taɓa wata jijiya a gefen goshin, ta ji ta tauri kamar igiya. Ta ce jijiyoyin jini ne suka kumbura, jini ya kasa isa ido. Ciwon kan da gajiyar muƙamuƙin duk gargaɗi ne. Nan take aka fara mata magani, na hagu ya tsira, sai dai shi ma bai kai na tuƙi ba. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Torleif ya zauna a bakin gado, takaici ya cika shi.

"Mama, da kin faɗa, ƙwayoyi ne kawai. Ba wanda zai taɓa ki daga gidanki."

Baƙin ciki ya kama Gunvor, kuma ta san ba ta da wanda za ta ɗora wa laifi. Can ta juyo da kai gaba ɗaya don ta gan shi.

"To, ka tambaye su can gidan tsofaffin. In da hali, a ba ni ɗakin da teku yake ta hagu."