Baba Inusa bai cuce ni ba

Ku yi haƙuri, ni yarinya ce, bai kamata in riga manya magana ba. Da safen nan ina shirin makaranta Umma ta ce min Baba Inusa ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Direban tasi ne ɗan Kumasi, shi yake mana alƙalancin softball, wasan ƙwallo da ake bugawa da sanda, kyauta duk Asabar a unguwar Morris Heights. Kullum da fil a aljihunsa, saboda mu da hijabinmu ke zamewa a ƙarƙashin hular kwano.

Tun ɗazu nake ganin hotonsa a status ɗin wasu iyayenmu, har da ɗan hoton kuka. Su ne fa waɗanda suka zage shi bara.

Wasan ƙarshe ne. Ina gudu daga base, wato matsaya, na ɗaya zuwa na biyu, wata 'yar Dominika cikin abokan karawarmu ta sunkuya za ta ɗauki ƙwallon da muka buga, na bangaje ta, ƙwallon ya wuce. Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Out!" Wato ya fitar da ni, da haka aka cinye mu.

Dokar ba ta da wuya. In mai tsaro tana ɗaukar ƙwallon da aka buga, mai gudu ce za ta kauce mata, ko da a kan layinta take, ko da ba da gangan ba.

Amma wani Alhaji da bai san yadda ake riƙe sandar ba yana ta ihu, "Fanareti ne namu!" Fanareti, a softball. Wata Hajiya ta ce, "Kai wane irin Bahaushe ne, ka kayar da 'yarmu saboda bare?" Suka cire shi daga group ɗin iyaye. Ya miƙa hannu a masallaci, wasu suka hau duba waya.

Ni kuma da aka tambaye ni, cewa na yi 'yar Dominikan ce ta tare ni. Ƙarya na yi. Na gan ta sarai, ban kauce ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a tashar jirgin ƙasa mai lamba 4 ce. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ranar nan na gan ta."

Ya yi dariya. "Hadiza, ni ma ai da idona na zo fili. Ran da kika samu ƙarfi, ki faɗa musu."

Ban samu ba sai yau da ba ya nan.

To kun ji. Masu hoton kuka, gidansa bai yi nisa ba, matarsa ta ji duk abin da kuka faɗa. Ni zan fara zuwa neman gafara bayan la'asar.

Allah ya jiƙan Baba Inusa, ya haskaka kabarinsa, ya yi masa hukunci da rahama. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.

In manya sun yarje min, ina so in sake rubutu a kansa.