Wadda Ba Ta Sauka Daga Motar Claire Ba

Claire ɗiyar yayata Binta ce. Gidanmu asali gidan Azna ne, masu addinin gargajiya, a gefen Dogon Dutsi. Ni na bi sallah tun ina saurayi, Binta ta bi mijinta Norbert zuwa coci, tsofaffinmu kuwa suka mutu a kan abin da suka gada. A shekarun da nake magana ni akawu ne a biron kumandan, wato ofishin mai mulkin yankinmu, wanda aka sake wa suna bayan samun 'yancin kai amma aikinsa bai sake ba. Abin da na gani da idona zan ce na gani, abin da aka gaya mini kuma zan ce an gaya mini.

Masera, wato matan mishan, su suka kai Claire Yamai ta koyi aikin ungozoma. A wurinsu kuma ta koyi tuƙi, har ta sami permi, takardar izinin tuƙi. Da ta dawo ta kama aiki a gidan likita na garinmu, abin da ya dame ta guda ne. Matan ƙauye da haihuwa ta gardama musu a kan jaki ake kawo su, ko a kan gadon kara maza na ɗauke, kuma da yawa sukan iso bayan an gama. Ta yi ta tari har abin da ke hannunta ya isa, ubanta ya ƙara mata da saniyarsa, ta ce za ta sayi mota.

Ni na raka ta Yamai, don ni ne kawunta kuma na saba da takardu. Aka nuna mana wani dillali mai suna Sanusi, mai fili a bayan kasuwa, yana sayen motocin Turawa masu komawa gida da na 'yan kasuwa. Da muka shiga ni ya tara da hannu biyu.

"Wacce kake so, Alhaji? Akwai ta manya."

"Ni ce mai saye," in ji Claire.

Ya dube ta daga sama har ƙasa. "Ke? To ina maigidan?"

"Motocin naka ba su tashi sai sun ga miji?"

Masu zama a benci suka fashe da dariya, shi ma ya taya su. Ya kai mu can ƙarshen fili, wajen wata ƙaramar mota irin wadda ake kira dushabo, mai akwati a baya da ƙofa biyu. An shafe ta da shuɗin fenti, har warinsa bai fita ba. Ya ce ta wani ɗan kasuwa ce mai jigilar atamfa. Claire ta buɗe inji, ta leƙa ƙarƙashi, ta danna tayoyi, ta auna bayan da idonta ta ga mace za ta iya kwanciya a miƙe. Da ta ce a zagaya da ita, Sanusi ya ce ƙafarsa na ciwo, mu je mu biyu. Wajen ciniki ma bai ja ba. Mun tambayi lafiyar motar ciki da waje, amma ba wanda ya tambayi irin kayan da ta taɓa ɗauka.

Da muka iso gida gari ya fito kallo. Aka yi ta guɗa, mata suna cewa yau ɗiyar Binta ta rama musu. Murnar ba ta daɗe ba. A fitarta ta farko zuwa Kiéché wata tsohuwa mai suna Ajuma ta zagaya motar, ta tsaya a ƙofar baya inda ƙarfe ya ɗan lotsa, ta kai hannu, sai ta janye shi kamar ta taɓa garwashi. Ta ce ta san motar nan, da can toka-toka ce.

Ga abin da aka gaya mini. A daminar da ta gabata wata tsohuwa, Altine, ta rasu a asibitin Yamai. Altine godiyar wata doguwa ce, wato ita iskar ke hawa, kuma ta gaje ta daga uwarta. A al'adar mutanenmu, idan irin wannan mace ta mutu sai a kira masu goge, a yi wasa, a nuna wa iskar wadda za ta koma wurinta a cikin dangi. Ɗan Altine kuwa ya riga ya zama almajirin wani malami. Ya yi hayar motar nan ya kawo gawa, ya binne ta da sauri, ya kori masu goge daga ƙofar gida. Mutane suka ce doguwar ta shiga mota tare da gawa, an sauke gawa, ita ba wanda ya ce mata ta sauka. An kuma ce matar mai motar ta shiga bayan haka da ciki, cikin ya zube, shi ya sa ya rabu da ita.

Claire ta yi dariya da farko. Ta sa Mompera, limamin coci, ya yayyafa ruwan albarka. Ni ma na karɓo laya na ɗaure a ƙarƙashin kujera ba tare da na gaya mata ba. Mata suka ce duk wannan ba shi ne ba. Ba korar doguwar za a yi ba, mazauni ne ba ta da shi, kuma mai neman mazauni ba abin da take so kamar mace mai naƙuda ko jariri sabon haihuwa. Claire ta koma Yamai wurin Sanusi. Ta ce mini bai ko yi musu ba.

"Ƙarfe da taya na sayar miki, malama. Abin da ban gani ba ban sa shi cikin ciniki ba."

Motar ta koma ɗaukar akwatunan magani, da maza, da awakin maƙwabta. Rannan aka kira Claire wani ƙauye, ta tarar da mace a wahale, ta roƙi dangi har da hawaye su bari a sa ta a mota, suka ƙi. Suka aza ta a kan jaki. Claire ta biyo su a baya da mota, wofi, tana tafiya daidai da takun jaki. Matar ta cika ana hangen dutsen gari. Tun daga ranar ban ƙara jin Claire ta yi dariyar maganar ba, kuma ta fara rama.

Da bazara ta yi tsanani, wata ranar kasuwar Kore Mairuwa, aiki ya kai ni can, na roƙe ta ta rage mini hanya. Muna dawowa rana ta take tsaka sai wani makiyayi ya fito tsakiyar hanya yana ɗaga sanda. Sunansa Yero. Ya ce matarsa Hawwa'u tun shekaranjiya take kan gwiwa. Muka ratse cikin daji muka bi shi zuwa ruga.

Claire ta shiga bukka, ta jima, ta fito tana goge hannu. Ta ce ɗan a gicciye yake, hannu ba ya gyara shi, sai an kai ta wurin lokotoro, babban likita, a yi aiki, kuma ba za ta kai la'asar a haka ba. Yero ya sunkuyar da kai ya dubi uwarsa, wata doguwar tsohuwa mai suna Kubra. Ita ke da magana a gidan.

"Ba ta shiga wagga mota," in ji Kubra.

"Inna, in ba ta shiga ba mutuwa za ta yi."

"In ta mutu nan, mun san wa muka binne. In ta shiga can, ba mu san wa za a maido muna ba."

"Ni kullum ina ciki, mi ya same ni?"

"Ke gaba kike zama, kuma ba ki kira ta ba. Ita kau baƙuwa ce mai kunya, ba ta shiga inda ba a buɗe mata ba, sai wurin wanda bai da ƙarhin ruhewa."

Daga cikin bukka muna jin Hawwa'u. Ba ihu take ba, wani ɗan nishi ne da ke fita ya tsaya, ya daɗe kafin ya dawo. Claire ta saurara. Ta dubi mota, ta dubi tsohuwar.

"To in mazauni take so, ga ni."

"Ba ni za ki gaya ma ba," in ji Kubra. "Buɗe ƙohwa ki gaya mata. Da sunanki, da sunan uwar da ta haihe ki."

Na kama hannun Claire na ja ta gefe. Na ce, "Ɗiyata, yi tunani. Irin wagga magana ba a hurta ta a maido."

"Kawu, ba kai ka ce duk zancen banza ne ba?"

"Na ce. Amma kin san gidan da muka hito."

"In banza ne, ban rasa komi ba. In ba banza ba ne, ni na sayo ta, ba Hawwa'u ba."

Ta zare hannunta. Ta je ta buɗe ƙofofin baya duka biyu, ta durƙusa a kan yashi mai zafi. Ba ta cire sarƙar gicciyen da ke wuyanta ba. Ta ce, da murya irin wadda take yi wa masu naƙuda, "Ni ce Claire, ɗiyar Binta. Kin gaji da zaman ƙarhe. Sauko, ga ni. Ki bar mini matan ga da 'ya'yansu."

Ba iska da ta taso, ba ƙara. Shanun da ke kwance ƙarƙashin gawo suka bar tuƙa, suka miƙe tsaye gaba ɗaya. Duk wanda ya san dushabo ya san laushin ƙafarta, ko yaro ya sauka sai ta ɗaga. Ina tsaye a gefe na ga bayan motar ya ɗago a hankali ya tsaya. Na yi ta neman dalili daga baya, na ce ko zafi ne ya saki ƙarfe, ko yashi ne ya zame. Abin da na gani ke nan dai. Claire kuma da ta zo tashi sai da ta dafa ƙasa, ta miƙe a sannu, kamar macen da aka aza wa goyo.

Kubra da hannunta ta shimfiɗa tabarma a bayan mota, da kanta ta riƙe kan Hawwa'u har Dogon Dutsi. Lokotoro ya yi aiki. Uwa ta tashi, ɗiya mace ta zo da rai.

Kafin kasuwa ta zagayo labari ya gama yankinmu na Arewa. Mata suka shiga motar ba gardama, har waɗanda lafiyarsu lau. Sai dai gaisuwa ta sake. Tsofaffi sukan durƙusa su gai da Claire, sannan su sake gaisuwa ta biyu, idonsu a bayan kafaɗarta. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, mai suna Ambroise, da iyayensa suka riga suka kai gaisuwa gidan Norbert, ya nemi a mai da shi wani gari, bai yi sallama ba. Mompera ya kira ta, ta ce masa ba ta bar coci ba, kuma ba za ta bari ba, amma bencin da take zama ya zama nata ita kaɗai. 'Yan bori suka aiko cewa ta zo a yi mata girka a daidaita zaman, ta ce ita ba tasu ba ce. Haka ta zauna a tsakani, ba ta yi aure ba. Motar ta yi aiki har ta ruɓe, gwamnati ta kawo wata, Claire ta ci gaba da karɓar haihuwa har gashinta ya yi fari. Rabin waɗanda ke noma yau tsakanin Kiéché da Kore Mairuwa ta hannunta suka zo.

Ban taɓa ganin ta faɗi ba, ban taɓa jin ta yi magana da wata murya ba. Abu guda na lura da shi, shi ma a makare. Ranar sunan jikata ana hidima, ɗiyata ta rasa inda za ta ajiye jaririya, ta miƙa wa Claire da zane ta ce, "Yaya, goya mini ita in ɗauko ruwa." Claire ta ja da baya har ta bugi bango. Wata ta karɓa, aka ci gaba da sha'ani.

Da mutane suka watse na same ta zaune a zaure. Na tambaye ta abin da ban taɓa tambaya ba, ko tana jin wani abu.

"Ban taɓa ganin ta ba, Kawu. Ban taɓa jin ta ba. Wata rana sai in ce ba kowa."

"To mi ya hana ki goya ɗiyar?"

Ta ce tun ranar rugar Yero, in ta karɓi jariri takan yanke cibi, ta wanke shi, ta miƙa wa uwarsa da sauri. Ba ta taɓa kai ko ɗaya bayanta ba.

"Ai kin ce ba kowa," na ce.

"Na ce wata rana." Ta gyara ɗankwalinta. "Da ɗan mutane zan gwada?"