Bitrus da Gonar Bakin Hanya

Shekara biyar ke nan da muka binne abokina Bitrus a Kagoro, ni kuma har yau ina shagon da ya bar ni a Kafanchan, ina buga wa mutane takardu.

Tare muka koyi rubuta manhaja. Shi sai ya shiga aikin buɗaɗɗen tushe, irin manhajar da ake barin kod ɗinta a fili, kowa ya duba ya gyara, ba a biyan kowa. Wadda ya zaɓa ta ajiye bayanan marasa lafiya ce a ƙananan asibitoci, kuma tana tsayawa cik da zarar netwok ya ɗauke. Sau uku masu kula da ita suna dawo masa da gyaran da ya yi wa wannan matsala, yana sakewa, kafin su karɓa.

Na ce masa, "Kai dai kana noma gonar da ba taka ba."

Ya ce, "Gonar bakin hanya ce, abokina. Duk mai wucewa zai ga irin huɗata."

Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Wani kamfani a ƙasar waje ya ga aikin, ya ɗauke shi ba tare da tambayar takardar makaranta ba. Saƙon ya same shi a gadon asibiti, sikila ta kayar da shi. Ya sa na karanta masa sau biyu. Bai kai ranar fara aikin ba.

Ni da na ƙi aikin kyauta, duk abin da na rubuta yana kulle a kwamfutocin waɗanda suka saya. Inda na nemi aiki sai a ce in nuna abin da na yi, in rasa. Yanzu ga iyali, ga mama ba lafiya a Fadan Kaje. Da na sani ƙeya ce. Ko me Bitrus zai ce in ya gan ni? Ina jin ba zai yi faɗa ba, kujera kawai zai jawo kusa da ni.

Bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Sunansa ne ya rage cikin jerin waɗanda suka gina manhajar, har baƙin da ba su san ya rasu ba suna aiko masa tambaya a shafinta na intanet. Makon jiya wata ta tambayi abin da na san amsarsa. Na rubuta, na goge, na sake rubutawa. Kafin in tura, wani ya shigo da takardun fotokwafi, na tashi.