Ranar da Na Taɓa Ƙafar Ɗan Farina

Ɗan farina, tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. Haka uwata ta yi da nata, al'ada ce da muka zo da ita daga yamma, kuma ni ban ga aibinta ba. In zan yi masa magana sai in dubi bango in ce, "Kai wannan." Shi kuma Hajja yake ce mini, kamar baƙuwa.

Ana lodin dawa a hawasharmu, wato gonarmu ta ban-ruwa, buhu ya zame masa daga kan mota, ya danne shi a gadon baya. Daga ƙauyenmu kusa da Rufa'a aka kai shi asibiti a Madani. Matarsa na jego, ƙannensa fitinar yaƙin nan ta watsa su. Ni kaɗai ce a tsaye, ni na bi shi.

A bakin ƙofa wata sista ta tambaye ni da Larabci, "Ya hajja, ke ce uwarsa?"

Gaban mutane! Na ja mayafi na ce, "'Yar garinsu ce ni." Ai ba ƙarya na yi ba.

Likita ya ce ƙashi ya danne jijiya, sai an yi aiki, kuma da gaggawa. Amma mai wannan aikin ɗaya ya rage, wuta tana zuwa tana tafiya, ɗakin cike da masu jira har ƙasa. Ya ce a riƙa mintsinin yatsun ƙafarsa, ranar da ya daina ji a zo a faɗa.

Wa zai mintsina? Na shimfiɗa tabarmata a baranda. Da safe in leƙa in ce, "An tashi lafiya?" Ya ce, "Da sauƙi, Hajja." Shi ba ya faɗa, ni ba na tambaya. Amma ina ganin wani dattijo a gadon kusa da shi, da ƙafafunsa ya zo, ga su nan yanzu kamar tsumma ana ɗaga masa su.  Ina gani ana tura waɗanda muka riga zuwa, ana shiga da su ɗakin tiyata. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce, gobe ma haka. Tasbaha ta ƙi tsayawa a hannuna.

Matar dattijon, wata Balarabiya mai baki, ta ce mini, "Ke 'yar gari, uwar mutumin nan mutuwa ta yi? Kare ma yana lasar ɗansa."

Na ce, "Mu ba karnuka ba ne."

Ta yi dariya. Ni ban yi ba, don a lokacin nan na ga ƙuda ya sauka a kan babban yatsan ƙafar hagu ta ɗan farina. Yana yawo, yana wanke hannu, yatsan bai motsa ba.

Na tashi. Ƙafar nan rabona da ita tun tana cika tafin hannuna. Yanzu ga kaushi, ga faso irin na mai shiga ruwan gona. Na mintsini ta dama, ya zabura ya ce, "Hajja!" Na kama ta hagu na luma farce har ya shiga. Idonsa yana kan rufi. Ya ce, "Kin fara?"

Ban san sanda na isa ɗakin likita ba, takalmi ɗaya a ƙafata. Sistar nan ta tare ni. Ta ce, "Ai da tuni an shiga da shi. Aikin yana da haɗari, sai wani na jininsa ya yarda. Muna ta jiran danginsa, ke kuma kin ce 'yar gari ce."

Duk kwanakin nan ni suke jira, ina zaune a barandarsu.

Na ce, "Ni na haife shi."

"Mene ne sunansa?"

Na faɗa. Bakina bai san hanyarsa ba, ya fito a karkace kamar na mai koyon magana. Na sake faɗa da ƙarfi har Balarabiyar ta leƙo.

Ko da haka sai da muka ƙara jira, wuta ta ɗauke. Na zauna a bakin gadon, ƙafar dama a cinyata, ina mintsini ina tambaya, "Ka ji?" Duk jin da ya yi sai in ji tsoron na gaba. Da aka zo tura shi yana ji har yanzu.

Bayan aikin, ƙafar dama ta tashi. Ta hagu ja yake yi. Da safe in yana wucewa bayan dangata zuwa hawasha ina jin sandarsa, da ƙafar tana sharar ƙasa. Ba na leƙawa. Ina dai kasa kunne, kada wata rana sharar ta zama biyu.