Ɗiyar Farin Adama

Har gobe ban manta da ranar Larabar da aka sauko mana da jaririyar Adama daga ɗakin haihuwa ba. Lokacin shekarata takwas ina aikin nas a sashen jarirai, ni ce shugabar masu aikin safe, Matiron, wato babbar nas, tana sama da ni. Ku da kuka same ni a aikin nan da furfura kuke cewa Sista Rahila akwai faɗa, ba ku ga komai ba.

Yarinyar ko wata bakwai ba ta cika a ciki ba, nauyinta kilo ɗaya da 'yar ɗoriya. Muka sa ta a kwalba, wato akwatin gilashin da ke ɗumama bakwaini, muka zura mata siririn bututu ta hanci saboda ba ta iya tsotso ba. Kwana na uku shawara ta kama ta, ta yi rawaya har ido, muka kunna mata shuɗiyar fitila. Kwana na biyar ta fara ɗauke numfashi, sai an sosa mata tafin ƙafa sannan ta ja. Kwana na goma ta ɗan murmure, nono ya fara zama a cikinta. Likita ya ce, "Sista, a riƙa fito da ita uwar tana manna ta a ƙirji, fata da fata. Ɗumin uwa ya fi na inji."

A nan gizo ke saƙar. Adama Bafulatana ce daga Kagarawal, wannan ce haihuwarta ta fari. Uwar mijinta, wadda take kira Dada, kullum tana kan benci gaban tagar gilashinmu tana jan carbi. Adama takan tatso nono a kofi, ta miƙo daga bakin ƙofa fuska a juye, ta koma. Na ce ta shigo, ta sunkuyar da kai. Washegari ma haka. Rana ta uku na fita na wanke ta tas gaban jama'a, har na ce mata ko akuya tana lasar ɗanta. Ta miƙo kofin ta koma.

Matiron ta kira ni ofis. Ta ce, "Rahila, a Gombe kika girma amma ba ki san kunyar ɗan fari ba? Gaban surukarta kike so ta buɗe ƙirji ta rungumi yarinyar?" Na san al'adar mana. Ni dai a ganina a bakin ƙofar asibiti ake ajiye ta. Na ce gobe zan samo labule, in san yadda zan yi da tsohuwar.

Da na iso da safe na tarar cikin jaririyar ya kumbura yana sheƙi, bututu yana dawo da koren ruwa. Likita ya ce hanji ne, a tsayar da nono, kada kowa ya fito da ita. Kwana huɗu muna fama da allura da iskar oksijin, yau ta motsa mu yi murna, gobe ta koma. A kwana na sha bakwai, da hantsi, ta cika.

Dada ta fita waje ta kira ɗanta a waya. Sai ga Adama a tsakiyar ɗakin, karon farko. Ta ce, "Sista, ba ni ita." Na naɗe ta a zane na miƙa. Ta kwance rigarta ta manna ta a ƙirji, daidai yadda na yi ta bayani, ashe duk tana ji. Ta ce a hankali, "Ashe haka take, ba nauyi." Da ta ji takun silifar Dada a baranda, ta mayar mini da ita da sauri, ta goge fuska da gefen mayafi.

Daga baya na kasa haƙuri, na gaya wa Dada abin da likita ya so a yi. Ta dube ni, ta ce, "'Yata, da kin ce in fita ai da na fita. Ba wanda ya ce."

Likita ya ce ko da an riƙe ta, mai yiwuwa ciwon ya zo. Wannan bai taɓa sanyaya mini rai ba. Kwana uku nake da su a hannu, na ƙarar da su wajen faɗa. Aikin nan ya koya mini cewa ba duk mai juya fuska ce ba ta so. Idan uwa ta ƙi shigowa, kafin ku buɗe baki ku duba wa ke zaune a bayanta. Sau ɗaya Adama ta riƙe 'yarta a duniya, kuma ta riga ta yi sanyi.