Turke, Mai Ba Da Hannu a Mahaɗar Kasuwa

Haihuwa da asali

An haifi marigayi, wanda direbobin birni kaf suka sani da laƙabin Turke, a shekarar 1951, a wani ƙaramin gari da ke bakin layin dogo, inda jirgin ƙasa ke tsayawa ya sha ruwa ya wuce. Mahaifinsa mai gyaran keke ne a gindin katangar tasha, mahaifiyarsa kuma tana ɗinki da keken hannu a cikin gida. Shi ne na uku cikin 'ya'ya bakwai, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rayu har ya girma, lamarin da ya sa aka ɗora masa burin da ya fi ƙarfin gidan.

Karatu

An sa shi makarantar firamare a 1958. Malamansa sun shaida cewa ba shi da wata ƙwaƙwalwa ta a-zo-a-gani, sai dai in aka ce masa ya tsaya a wuri, to ya tsaya ke nan, shi ya sa kullum shi ake bai wa tsaron layi. Ya kammala a 1965, ya kuma ci jarrabawar shiga makarantar gaba, amma a daidai lokacin idon mahaifinsa ya soma mutuwa. Dole ya haƙura da karatu ya zauna a rumfar keke, inda ya shafe shekara bakwai yana liƙin tayoyi yana ciyar da gida.

Shiga aiki

A 1972 hukumar kula da titunan birni ta nemi samari masu tsawo da lafiyar ido domin aikin ba da hannu, aka ɗauke shi kurtu. Bayan horo na wata shida aka ba shi kaki da hula da usur da farar safar hannu. A 1974 aka kai shi mahaɗar kasuwa, inda hanyoyi huɗu suka haɗu: ta tashar mota, ta asibiti, ta kasuwa, da wadda ta bi ta gaban makarantar firamare. A tsakiyar mahaɗar akwai rabin durom cike da siminti, a kansa mai ba da hannu ke tsayawa. Ko rana ta take, ko ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, ba ya sauka sai lokacinsa ya cika. Direbobin tasi ne suka soma cewa an kafa musu turke a tsakiyar titi, sunan ya bi shi har ya danne na yanka.

Ba waliyyi ba ne, gaskiya ɗaya ce. Yana da zafin rai, bakinsa kuma ba linzami, motocin da suka sha dukan tafin hannunsa ba su ƙirguwa. Amma tsofaffi da makafi da 'yan makaranta sun san in Turke ya ɗaga hannu, ko ido rufe mutum ya tsallaka.

Aure da haihuwa

A 1975 ya auri 'yar wani tela, wadda daga baya unguwa duka ta bi bakin 'ya'yanta tana kiranta Umma. Suka tare a ɗaki ciki da falo a bayan tashar mota, a nan kuma suka ƙare zamansu. Allah ya ba su 'ya'ya shida tsakanin 1976 da 1988, ɗaya ta koma tun tana goye. Ɗan farin, wanda ya koyi aikin katako har Kafinta ya zame masa suna, shi ya fi kowa shaƙuwa da uban. Duk da kawaicin da Turke ke yi masa, kowa ya san in Kafinta bai leƙo gida ba, ranar Turke ba ya cin abincin kirki.

Ƙarin girma da zuwan danja

An yi masa kofur a 1981, saje a 1990, aka kuma danƙa masa horar da kurata. Ƙa'idar da ya fi tsananta musu a kai ita ce wadda shi ma aka koya masa: hanyar da ka tsayar, ka juya mata baya. Yakan ce, "Bayanka ne katanga. Ran da ka waiwaya, direba ya gane kana shakka, sai ya sako maka kai." Kurtun da ya waiwaya yakan sha ranƙwashi da gindin usur.

A 1996 aka kafa fitilun ba da hannu, waɗanda kowa ke kira danja, a manyan mahaɗun birni, aka yi taro da jawabai aka yanka ƙyalle. Da yake wutar lantarki ba ta da tabbas, hukuma ba ta sallami masu ba da hannu ba. Aka tsara cewa in akwai wuta a bi danja, in an ɗauke a bi hannu. Abin da za a yi a daidai lokacin da wuta ta dawo mutum yana kan durom, wannan ba wanda ya tuna ya faɗa. Fitilun mahaɗar kasuwa kuwa a can sama suke, kowace tana fuskantar motocinta, wanda ke kan durom ba ya ganinsu sai ya juya ya ɗaga kai. Turke bai taɓa yin haka ba, domin ya raina danja tun ranar da aka kafa ta. An sha jin yana cewa, "Ni da hannuna, me zan roƙa wurin ƙwan fitila?" Direbobin birni sun san hali, in yana kan durom hannunsa suke bi, ko wace kala ta kama. Baƙon direba ne bai san da wannan ba.

A shekarar 2000 Kafinta ya auri wata malamar firamare da ke koyarwa a makarantar tsallaken mahaɗar, suka sami 'ya mace a 2001. Malama takan ratsa mahaɗar safe da rana. Da yake suruki ne a kan durom, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba, sai dai ta sunkuyar da kai, ta ɗan rusuna, ta wuce ta gabansa. Shi kuma yakan ƙara mata lokaci fiye da kowa, har direbobi kan leƙo ta taga suna tsokana, "Surukar Turke za ta wuce, kowa ya kashe mota ya huta."

Hatsarin 2003

Wata Talata a watan Maris na 2003, an ɗauke wuta tun safe, Turke yana kan durom. Da aka tashi makaranta ya tsayar da hanyar tasha, ya juya mata baya kamar yadda ya saba, ya yafito masu ƙafa. Suna tsakiyar titi aka kawo wuta, danjar hanyar tasha ta kama kore. Wata tifa cike da yashi, direbanta baƙo daga wani gari, tana tahowa daga nesa ta gefen da babu mota. Direban ya hango kore, ya hango bayan mai ba da hannu, ya ɗauka hanya tasa ce, bai taka birki ba. Waɗanda suka ji rurin inji suka ɗaga kai suka watse. Malama tana daidai gaban durom, kanta a sunkuye.

Mutum uku tifar ta bi ta kansu: wani tsoho, da wata mai tallar lemo, da Malama. Su biyun sun rayu da nakasa, ita kuwa ko asibiti ba a kai da ita ba. Waɗanda suka ga abin sun ce har tifar ta tsaya, hannun Turke yana sama yana kiran mutane su tsallako.

Bincike

Hukuma ta kafa kwamiti, ya yi wata huɗu yana zama. Ya gano cewa direba ya bi kore, wanda shi ne doka; saje ya juya baya, wanda shi ne horo; masu lantarki sun kawo wuta, wanda shi ne aikinsu; danja kuma lafiyarta ƙalau. Saboda haka ba a sami kowa da laifi ba, aka rufe zama da addu'a.

Kafinta bai zagi ubansa ba, bai ɗaga masa murya ba, ko a ranar ko bayanta. Da aka gama zaman makoki ya ɗaure kayan aikinsa, ya ɗauki 'yarsa mai shekara biyu, ya koma wani birni mai tafiyar yini guda. Abin da kawai ya gaya wa mahaifiyarsa a bakin ƙofa shi ne, "Umma, ba zan iya wuce mahaɗar nan kullum ina gaishe shi ba." Turke ya koma kan durom bayan an wanke shi, amma sai aka ga yana waiwaye, motoci suka soma sako masa kai. Ya ajiye aiki a 2004, saura shekara uku ya yi ritaya.

Shekarun ƙarshe

Abu biyu ya sa a gaba a sauran rayuwarsa. Na farko, ya dinga sintiri ofishin hukuma yana neman a kafa doka cewa kada mai ba da hannu ya hau durom sai ya kashe danja daga akwatinta. Masinjoji suka gaji da ganinsa, manya suka riƙa sulalewa ta ƙofar baya. A 2008 aka amince da dokar, aka kuma tara makullan akwatunan duka a durowar shugaban sashe domin kada su ɓace. Suna nan har yau, ko ɗaya bai ɓace ba.

Na biyu shi ne ɗansa, kuma wannan ne ya cinye shi. Ba komai yake nema ba illa ya ji Kafinta ya ce ya yafe masa, ya kuma ga jikarsa. A 2006 ya shiga mota ya tafi, ya sami shagon ɗan nasa da tambaya. Kafinta ya miƙe, ya durƙusa ya gaishe shi, ya share masa kujera, ya kawo ruwa, ya koma kan katakon da yake gogewa. Turke ya yini a zaune cikin ƙurar katako, da yamma ɗan ya raka shi tasha ba tare da ya nuna masa hanyar gida ba. A 2011 ya sake komawa, wannan karon ya cire kunya ya faɗi abin da ya kawo shi. Kafinta ya ajiye guduma, idonsa a ƙasa, ya ce, "Ai hukuma ta ce ba ka da laifi, Baba. Me zan yafe?" Turke ya dawo gida ya yi mako bai fita ko ƙofar gida ba.

Umma ce ta zama gada a tsakaninsu, takan je ta kwana biyu ta dawo da labari: yarinya ta shiga aji kaza, ta yi tsawo, tafiyarta sak ta uwarta. Umma ta rasu a 2014 bayan gajeriyar jinya. Kafinta ya zo ta'aziyya shi kaɗai, ya sauka gidan kawunsa, ya gaida uban cikin jama'a kamar kowa. Daga nan labarin jikar ma ya yanke, Turke ya shiga baƙin cikin da ba ya ɓoyuwa, har maƙwabta suka daina yi masa zancen.

Jinya, rasuwa da jana'iza

A 2018 tari ya kama shi, likitoci suka ce huhunsa ne ya lalace da hayaƙin motoci na shekara talatin. Autarsa ce ta yi jinyarsa. Da jiki ya tsananta a watan Yuni na 2019, ta kira babban yayanta a waya, ta kara wa uban a kunne, amma numfashi bai bar shi ya yi magana ba. Kafinta ya ce yana tafe. Turke ya rasu washegari da hantsi, ranar Alhamis, yana da shekara sittin da takwas, fuskarsa tana wajen ƙofa.

An yi masa jana'iza da la'asar. Tsofaffin direbobi da 'yan kasuwa da kuratan da ya horar suka cika unguwa. Makabartar tana tsallaken babban titi, saboda haka masu ba da hannu suka fito da kakinsu, suka tsayar da motoci ta ɓangare biyu har gawa ta haye. Ana cikin binnewa motar Kafinta ta iso, ya sauka a ɗaya gefen titin. Wani matashin kofur ya gane shi, ya busa usur, ya tsayar da hanya, ya juya wa motoci baya, ya yafito shi da farar safa. Kafinta ya dubi hannun, bai motsa ba. Kofur ya yi ta yafitowa har direbobi suka soma danna ham, ya gaji ya saki hanya. A nan Kafinta ya tsaya, motoci na giftawa tsakaninsa da makabarta, har aka gama aka shafa addu'a.

Marigayi ya rasu ya bar 'ya'ya biyar: Kafinta, da mai bi masa, direban motar asibiti, da babbar 'yarsa, ungozoma, da ƙanenta, mai shagon gyaran babur, da Auta, wadda ke koyon ɗinki. Ya kuma bar jikoki goma sha huɗu. Sha uku daga cikinsu sun san fuskarsa.