Akwatin Sanyi Zuwa Konduga

Mun tashi da asuba ranar Asabar ta biyu a watan Afrilu, ƙarfe shida saura kwata, daga ƙofar gidana a Gwange, cikin Maiduguri. Mu biyu ne a motar, ni da direban da na ɗauka shata, sai akwatin sanyi da na ɗaure da bel a kujerar baya kamar fasinja. A cikinsa akwai kwalaben insulin na wata uku, maganin ciwon sukarin yayata da ke zaune a Konduga. Ita kaɗai ta rage mini a cikin waɗanda muka fito ciki ɗaya.

Tun bara likita ya ɗora ta a kan allura. Maganin ba ya son zafi, unguwarsu kuma babu wuta. Takan binne kwalbar a jiƙaƙƙen yashi a gindin randa, dabarar da ke aiki da damina, amma da bazara yashin kan bushe kafin azahar. Saboda haka kwalba ɗaiɗai nake aika mata ta hannun direbobin tasha. Na sha yi mata tayin ta dawo gidana, inda ɗakuna ke rufe tun da mai ɗakina ta rasu, yara kuma suka watsu Kano da Abuja. Ta ce ba ta barin awakinta da maƙwabtanta. Da na gaji da tayi sai na shiga kasuwa neman akwati.

Ga waɗanda suka tambaye ni yadda na zaɓa, iri uku na gani a shagunan kayan lantarki na babbar kasuwa. Akwai kula ta gargajiya da ake zuba wa ƙanƙara, wadda ba ta da amfani a inda ba a sayar da ƙanƙarar. Akwai mai fanka, mai arha da sauƙin ɗauka, amma abin da yake yi shi ne ya rage zafin waje da ɗan wani abu. A garin da zafi ke wuce digiri arba'in, wannan ragi ba ya kai magani inda ake so. Na uku shi ne mai kwamfiresa irin ta firiji, wanda za ka saita masa lamba ya tsaya a kanta. Yana aiki da wutar mota, yana aiki da batir da farantin sola. Kuɗinsa da na batirin ya kusa na ɗan maraƙi.

Mai shagon, wani ɗan ƙabilar Ibo da ya fi ni jin Kanuri, ya cika roba da ruwa zai saka a ciki don ya nuna mini yadda yake daskarewa. Na ce ni digiri biyar nake nema, ba sama ba ƙasa. Ya ajiye robar yana dariya.

"Alhaji, kai ne mutum na farko da ya shigo shagon nan ya ce ba ya son ƙanƙara."

Gaskiya ya faɗa. A Maiduguri ba a yarda abu ya yi sanyi ba sai an ji shi da tauri a hannu.

Mun isa shingen bakin gari a hanyar Bama muka tarar da layi, domin ba a buɗe hanya sai rana ta fito sosai. Motocin itace da gawayi ne suka fi yawa, sai ƙananan bas cike da manoma da fartanyoyinsu. Mata na soya ƙosai a gefen titi, biyu a naira ɗari, kuma girmansu ya ragu daga yadda na sani. Direban ya kashe mota ya kunna wa'azi a wayarsa. Ba mai son magana ba ne, ni ma ban nema ba. Na juya na duba akwatin, batir ya karɓi aiki, lambar tana kan biyar. Da aka zo kanmu, sojan da ke bincike ya sa na buɗe. Ya leƙa, ya ga kwalabe, ya ce ya zaci lemo ne, ya yi wa mai jiki fatan sauƙi.

Daga nan zuwa Konduga tafiya ce gajera, amma shingaye na tsawaita ta. Gonaki duk a bushe suke, sai kututturan dawa. An sassare ciyayi da bishiyoyin da ke kusa da titi, ido na kaiwa nesa sosai, ba kuma abin da yake gani sai mutum ɗaya ko biyu da kurar ruwa. Mahaifinmu ya yi kiwo a wannan yanki kafin ya sayar da garken ya zauna a gari. Na nemi wata tsamiya da muke hutawa a gindinta ban gane wurin ba.

Na tarar da Yaya a kan tabarma a inuwar dogonyaron tsakar gida. Da "Wushe, wushe, Auta" ta tarbe ni, sunan da har yanzu take kirana da shi duk da furfurata. Ta ce na rame, ta ce wanda ke cin abincin haya ba ya ƙiba. Matar ɗanta, wadda ke zaune da ita domin mijin yana fataucin shanu zuwa kudu, ta kawo burabisko da miyar yakuwa. Yaya ta zagaya akwatin, ta ƙwanƙwasa murfin, ta tambayi tumaki nawa ya ci.

Bayan mun ci abinci na kafa farantin sola a kan rufin ɗaki, na ajiye akwatin a rumfa, na yi musu bayani dalla-dalla: yadda ake goge farantin, yadda ake gane batir ya cika, da cewa a riƙa rufe murfin da sauri. Na nuna musu lamba biyar. A cikin bayanin na ambaci cewa idan aka danna maɓallin hagu yana iya yin ƙanƙara. Na faɗe shi ne kawai don yana cikin abin da na'urar ke yi.

Wajen hantsi na fita ziyarar kabarin iyayenmu, daga can na bi ta kasuwa a ƙafa. Garin ya cika da mutane fiye da da, amma ba nawa ba ne. Shagon telan da ke mana ɗinkin sallah ya koma wurin cajin waya. A masallaci wani dattijo ya tambaye ni ɗan gidan wa ne. Na faɗi sunan mahaifinmu, ya yi tunani, ya ce shi daga wajen Bama ya dawo nan shekarun tashin hankali, bai riske shi ba. Muka yi musabaha. Na zauna a gindin bango har aka yi azahar, ba wanda ya sake yi mini magana.

Da na koma na tarar da gidan cike da mata cikin lafaya, maƙwabta da suka zo yi wa Yaya barka da baƙo, su kuma ga na'ura. Kowace na riƙe da ledar fiya-wata tana tsotsa, ana ta raha. Aka miƙo mini ɗaya. Da na matsa ta na ji ɓarɓashin ƙanƙara a tafin hannuna.

Na wuce rumfa. Lambar tana kan sha takwas ƙasa da sifili. Na kwashe ledojin da aka danna a ciki, na zaro kwalaben daga jikin bango. Duk sun daskare. Insulin da ya daskare ya tashi daga aiki, kuma an rubuta hakan a jikin kwalinsa. Na mayar da murfin, na fito na amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, na jira har mace ta ƙarshe ta sa takalminta.

"Yaya, wa ya taɓa maɓallin?"

"Ni na ce a ƙara masa ƙarfi. Mutane sun tako cikin wannan rana sun zo mini, in ba su ruwan randa ga na'ura a tsakar gida? Maganin ma ai sanyi ka ce yana so."

Na gaya mata abin da ya faru. Ta karɓi kwalba ɗaya ta riƙe a hannu tana juyawa.

"Ko ya narke?"

"Ko ya narke, Yaya."

Matar ɗanta ta tono tsohuwar kwalbar daga gindin randa, muka ɗaga ta a haske. Abin da ya rage ba zai wuce safiyar Litinin ba. Na aika direban kemis biyu na garin, ya dawo hannu rabbana. Inda nake saye a Maiduguri ba sa buɗewa ranar Lahadi, ana kuma rufe hanya kafin magariba. Na zayyana mata wannan lissafi kamar yadda yake, ban ƙara da tayi ba, don na san amsarta.

Ta daɗe tana kallon awakin. Sannan ta ce wa matar ɗanta ta ɗauko mata lafayar fita da carbinta, ta gaya mata wace akuya ce ba a haɗa ta da sauran wajen cin dusa. Ni kuma ta ce kada in kuskura wani a unguwar ya ji labarin maganin, kada matan su ɗauka ruwan da suka sha ne ya jawo.

"Kwana biyu zan yi, Auta. Kada ka wahalar da kanka da gyaran ɗaki."

Ban gaya mata tun bara ake share ɗakin duk Juma'a ba.

A hanyar dawowa ta zauna a baya kusa da akwatin, wanda ba komai a cikinsa sai tsohuwar kwalbar. Ta riƙa nuna mini inda rugage suke a da, da sunayen masu su. Mun wuce shingen ƙarshe saura kaɗan a rufe. Mun shiga Gwange ana kiran magariba. Ta bi ɗakunan ta buɗe tagogi, ta ce gidan yana warin ofis, ta nemi kasko ta sa turaren wuta.

Abin da zan gaya wa mai niyyar saye kaɗan ne. A zafinmu, mai kwamfiresa ne kawai zai riƙe magani. A nemi wanda ake iya kulle maɓallansa. Nawa yana da makullin, ban karanta wannan shafin ba sai da na dawo. A kuma tuna da gidan da za a kai shi: duk inda akwatin sanyi ya shiga da bazara, baƙi za su biyo shi, kuma ba uwar gidan da za ta hana su ruwa. Da na sani, da na haɗa da kula ta daban saboda su.

Ranar Litinin na sayi wasu kwalaben, likita kuma ya duba ta ya rage mata yawan allurar. Ta yi mako biyu a gidana. Daga nan ta koma Konduga da akwatin, maɓallansa a kulle, ni kuma na rufe tagogin.